Ranar da aka sa ni goge bidiyo a sinimar Dubai

'Yan fadarmu ta unguwar Zariya a Maradi, ina gaisuwa. Da hutun ƙaramar sallar 2025 wani abokin aikina ɗan jihar Kerala ta Indiya ya ja ni sinima, wai sai na ga kashi na biyu na fim ɗin Lucifer, wanda ake kira Empuraan, na jarumi Mohanlal. Tikiti dirhami 45, sama da jika bakwai a kuɗinmu na sefa. Na biya ina jin zafin abin har cikin ƙashi.

Kujera da lambarta, sanyi kamar hunturun Janairu a bakin Gulbi, awa uku cur wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Da jarumin ya fito, Indiyawa suka ɓarke da fito da ihu, sai na ji kamar ina gida. Daɗi ya kwashe ni, na zaro waya na fara ɗauka don in turo muku. Ban yi minti ɗaya ba wani ma'aikaci ya haska ni da tocila, ya raka ni waje, ya tsaya a kaina har na goge. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi doka ta hana. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi, don da na koma kujerata duk layin kallona suke, abokina kuma ya sunkuyar da kai.

Kunyar nan ta bi ni har ɗaki. Shekara nawa muna miƙa wa mai turi dala ashirin ya cika mana memori da finafinai, ba mu taɓa kiran abin sata ba? Mu ne kuma masu cewa finafinan Kano ba inganci. Da me za su inganta, bayan ranar da fim ya fito ranar yake yawo a wayoyi daga Jibiya har Maradi? Ni kaina na sha turawa, ba na ware kaina.

Shi fim ɗin, ta wajen kallo ba a magana. Prithviraj, wanda ya ba da umarni, ya zuba dukiya: jirage masu saukar ungulu, ƙasashe daban-daban, ƙarar bindiga har kujera na girgiza. A waya rabin wannan ba za ku gani ba. Sai dai labarin ya yi rauni. Lucifer na 2019 siyasar gida ce, rikicin gadon jam'iyya bayan mutuwar jagora, abin da duk ɗan Nijar zai gane. A nan an yi ta yawo da mu a duniya, jarumin ya daɗe bai bayyana ba, kuma da ya zo ba abin da ke taɓa shi. Wanda ka san harsashi ba ya kama shi, yaya za ka ji masa tsoro? Manju Warrier ce ta riƙe ɓangaren siyasar, kuma wurarenta sun fi shiga raina.

Farkon fim ɗin ne ya sa ni hawaye, inda aka nuna kisan wani iyalin Musulmi, abin da kowa ya danganta da rikicin Gujarat na 2002. Masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka yi ca, Mohanlal ya ba da haƙuri, aka yanke wurare 24, har sunan mugun aka sauya. Wannan ja da bayan bai yi mini daɗi ba.

Duk da haka na yi kewar mai fassararmu da ke sa Ba'indiye ya ce "kai, ɗan nema!", da shayin Yaya yana zagayawa. Rubutun Turancin da ke ƙasan allo gudu yake, kafin in haɗa jimla ya wuce. In na zo hutu zan ba ku labarin da baki, amma kada wanda ya ce in turo masa.