Murfin filtar iska mai kyau a ido, amma ƙurar hunturu ta tona shi

Saboda ido na sayi murfin nan, ba zan ɓoye ba. Motona Honda Shadow 750 ce, kuma tun da na same ta murfin filtar iska na gefen dama a tsage yake. Wani mai kawo kayan moto ta Jibiya ya nuna mini kala uku a waya: baƙi rufaffe, wani mai tsini ta baya, sai zagayayye mai sheƙi irin na motocin Amurka na da, gefensa duk raga. Shi na zaɓa. Kuɗin kuwa kun dai san yadda kayan nan suke yanzu.

Ranar da aka ɗaura wallahi na ji daɗi. Moto ta koma kamar sabuwa, ƙararta ta yi kauri, na tsaya bakin babbar kasuwa 'yan kabu-kabu suka kewaye ni da tambaya.

Sai hunturu ya shigo. Mun je ɗaurin aure wani ƙauye gaba da Madarunfa, ni da ƙanena a baya, hazo ko'ina, ga jar hanya. A dawowa moto ta soma shaƙewa. In na murɗa sai ta yi kamar za ta mutu, baƙin hayaƙi na fita, mai na tafiya kamar tanki ya ɓule. Da ƙyar muka shigo Maradi bayan magariba, ƙanena bai ce uffan ba, wanda ya fi mini ciwo.

Washegari bakanikena ya kwance murfin. Soson ciki ya yi jawur, ya kaɗa shi a ƙasa ƙura ta tashi kamar gari. Ya ciro buji, baƙi ƙirin. Ya ce, "Alhaji, filta ta toshe, iska ba ta isa kabureta, mai ya rinjaye ta. Rufaffen murfi yana tare ƙura kafin ta kai ga soso, wannan kuwa a buɗe yake."

Nan na tuna tun ranar ɗaurawa ramukan kusoshinsa ba su zo daidai ba, sai da aka ƙara huda shi, mai kayan yana ta cewa ba komai. Ga shi ya turo waje, gwiwata ta dama kullum tana gogarsa.

Kyau dai yana da shi, har yau sheƙinsa bai dushe ba. Amma wanke soso duk mako ya ishe ni. Na sa a kawo mini baƙin rufaffen nan kafin damina, don ban yarda ruwan sama ya bi ta ragar nan ba.