Gargaɗi ga masu shirin sayen na'urar neman zinari a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka gano zinarin Jado da na Cibarakaten, a hamadar jihar Agadas, a 2014, na'urar neman zinari ta zama haja a Damagaram, daga rumfunan Kasuwar Dole har cikin wayoyin mutane. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, amma cinikin bai tsaya ba, 'yan damfara ma ba su tsaya ba. Abin da ke ƙona mana rai shi ne yawancin waɗanda ake cuta ba masu hali ba ne. Wani gona ya jinginar, wani shanun gida ya sayar, wasu su biyar suka yi karo-karo. Ba su gane jabu suka saya sai sun wuce Tanut, sun wuce Agadas, kuɗin mota da guzuri sun ƙare.

A fara da abin da na'ura ke iya yi, domin duk ƙaryar da ake shararawa daga rashin sanin wannan take samun ƙofa. Faifan da ke ƙasan sandar yana jin ƙarfen da ke dab da shi ne kawai. Ƙwayar zinari mai giram ɗaya, na'ura mai kyau tana jin ta a zurfin da bai wuce taƙi ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba. Dunƙule babba kamar dunƙulen hannu ne ake iya ji a kusan mita guda. Garin zinari da ke cikin yashi, ko wanda ya watsu siriri cikin farin dutse, na'ura ba ta jin sa. Wannan aikin daka ne da wanki. Kuma babu na'urar da za ta rantse maka cewa abin da ta ji zinari ne. Dalma, tagulla, guntun gwangwanin lemo, kwanson harsashi, duk kuka suke sa ta. Sai an tona ake sani.

Saboda haka wanda ya kawo maka akwati mai sanduna biyu ko eriya mai juyawa, ya ce tana hango zinari daga kilomita biyu, a zurfin mita talatin, har tana bambance shi da azurfa, to ƙarya yake. Eriyar a kan ƙusa take lilo, karkatar hannun mai riƙe da ita ke juya ta, ko da shi kansa bai lura ba. In an buɗe cikin akwatin, batir ne da 'yan fitilu da wayoyin da ba su kai ko'ina ba. Irin wannan ce wani ɗan kasuwa a Ingila ya sayar wa Iraƙi da sunan na'urar gano bam, ADE 651, kotu ta ɗaure shi shekara goma a 2013. Haka manhajar waya da ake tallatawa a TikTok: abin da ke cikin waya maganaɗisu da baƙin ƙarfe yake ji, zinari kuwa maganaɗisu ba ya kama shi.

Cutar da ta fi yawa, ta fi wuyar ganewa, ita ce jabun na'urori masu suna. GPX 4500 da GPX 5000 da GPZ 7000 da Gold Monster 1000 duk na kamfanin Minelab ne na Ostareliya, kuma na'urori ne na gaske. Saboda sunan da suka yi ne ake kwaikwayonsu: kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, har lambar jiki ana kwafa. A ciki kuwa kayan na'ura mai araha aka saka. GPX ta asali miliyoyin sefa take. Wanda ya ce zai ba ka sabuwa fil a jika ɗari uku domin "matsuwa ce ta same shi", ka san inda maganar ta dosa. Ka ɗauki hoton lambar jiki da tambarin tsaro, ka aika wa kamfanin ko dillalin da sunansa ke shafin kamfanin, su tabbatar maka. Amma kada ka tsaya nan.

Gwajin ƙasa shi ke raba gardama, kuma da sharaɗinka za a yi shi. Ka zo da zinarinka, ko aro ne daga maƙeri: ƙwaya ɗaya mai giram guda, wata ƙarama wadda ba ta kai rabin giram ba, kowace a ƙulle cikin leda da zare don kada ta ɓata. Ka haɗa da ƙusa da guntun gwangwani. Wurin gwaji kai za ka zaɓa, a bayan gari nesa da wayoyin lantarki, kuma a sami jar ƙasa mai marmara ko mai baƙin yashi, ba farin rairayi ba. Dalili: irin wannan ƙasa cike take da sinadarin ƙarfe, kuma a cikinta zinari ya fi zama. Na'urar asali an gina ta ne don ta kauda hayaniyar ƙasar ta ji abin da ke ƙarƙashi. Jabu a nan asirinta ke tonuwa.

Kunna na'urar, ka daidaita ta da ƙasar wurin: ɗaga faifan kamar taƙi rabi, sauke shi dab da ƙasa, ka yi ta maimaitawa. Ta gaske, cikin ɗan lokaci sautinta zai kwanta ya zama siririn amo guda. Jabu za ta yi ta kuka duk ɗagawa da saukewa, sai ka ga mai ita ya kai hannu ya rage ƙarfin ji. Ta yi shiru, amma ta kurumce. Sai ka ce, "Alhaji, ɗan juya baya." Ka tona ramuka goma, wasu santimita 5, wasu 10, wasu 15, ka binne kayanka a uku ko huɗu, ka shafe bakin dukansu. In bai nuna ramukan da ke da kaya ba, ko ya nuna waɗanda babu komai, ciniki ya mutu. Kada ka yarda da gwajin iska, wato a wuce da zinari gaban faifai. Na'urar wasan yara ma tana cin wannan. Ka dubi hannun mai sayarwar: zobe ko agogo a hannun da ke riƙe da ƙwayar shi ne ke sa kukan. Ka bar ta a kunne rabin awa cikin rana, ka ɗan buga faifan a jikin ciyawa. In tana ihu da kowane taɓi, wayar ko faifan sun lalace. Batirin GPX na asali yana kai kusan awa goma sha biyu, don haka wanda ya faɗi a awa biyu abin tambaya ne. Duk mai sayarwar da ya ce a gwada a tsakar gidansa ko a wani fili da shi ya nuna, ko ya ce buɗe kwali na rage daraja, ka yi masa sallama.

Wasu kuma da zinarin jabu suke jan mutum. Su nuna maka ƙwayoyi rawaya a ƙullin tsumma, wai na'urar ce ta samo, ko su binne narkakkiyar tagulla a fili su sayar maka da hannun jari a rami. Sikeli ƙarami da kofin ruwa sun isa. Auna ƙwayar a bushe. Ɗora kofin a kan sikelin, mayar da shi sifiri, ka rataya ƙwayar da zare cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ba, ka karanta. Raba nauyin farko da na biyu. Tsantsar zinari 19.3 yake bayarwa, na daji mai tsabta daga 15 zuwa sama, dalma 11.3, tagulla wajen 8.5. Wato abu mai giram 10, in zinari ne sikelin zai nuna kusan 0.6, in tagulla ce ya kusa 1.2. Dutse mai ƙyalli kuwa guduma ɗaya ke farfasa shi, zinari sai dai ya baje.

Na WhatsApp da Facebook gajeriyar magana ce: kaya na Dubai, a turo kafin alƙalami, gobe a turo na duwan, jibi lambar a kashe. Kada dala ta fita daga aljihunka sai na'ura ta ci gwajin da ke sama, an rubuta takardar ciniki mai lambar jikinta, da shaidu biyu. Ka kuma tuntuɓi ofishin ma'adinai na jiha kan izinin haƙa kafin ka kashe kuɗi, domin arzikin ƙarƙashin ƙasa a hannun hukuma yake.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki. Ya adana lambar wayar, saƙonnin murya, takardar aika kuɗi, da na'urar cikin kwalinta ba tare da ya kwance ta ba, ya kai kwamisariya ko wurin jandarmomi.