Gidan Tarihin Leƙen Asiri na Washington: Abin da Ya Ke Koya wa Mai Ziyara

Gidan adana kayan tarihin leƙen asiri da ake kira International Spy Museum yana birnin Washington na Amurka. An buɗe shi a 2002, sannan ya koma sabon gininsa a L'Enfant Plaza, wani yanki na cikin birnin, a 2019. Ana biyan kuɗin shiga, saɓanin gidajen tarihin Smithsonian da ke kusa da shi waɗanda ake shiga kyauta, amma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Da yawa suna zuwa ne domin ganin ƙananan kyamarori da bindigar da aka ɓoye cikin jan-baki. Ni abin da ya riƙe ni shi ne ɓangaren da ke nuna yadda ƙasa ke kare sirrinta daga masu yi mata leƙen asiri, aikin da ba a jin amonsa sai ranar da ya gaza. Akwai kwafin tambarin Amurka na katako wanda yaran makaranta na Tarayyar Sobiyet suka ba jakadan Amurka Averell Harriman kyauta a 1945, alhali an dasa na'urar sauraro a cikinsa, wadda ba ta da batir, sai an turo mata igiyar rediyo daga waje ta ke aiki. Tambarin ya yi shekaru kusan 7 a rataye a gidan jakadan da ke Mosko kafin a gano shi.

Darasin da ya fi nauyi shi ne na maciya amana, domin da ɗan gari akan ci gari. Aldrich Ames na hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, wanda aka kama a 1994, da Robert Hanssen na hukumar binciken manyan laifuka ta FBI, wanda ya shiga hannu a 2001, dukansu sun yi aiki a sashen da aka ɗora wa alhakin farautar 'yan leƙen asirin abokan gaba, kuma daga nan suka riƙa sayar wa Mosko sirri, har aka kashe mutanen da suka tona wa asiri. Duk wanda ya karanta labarinsu a tsanake zai fahimci dalilin da ya sa tantance ma'aikata da bin diddigin dukiyarsu ke cikin ginshiƙan tsaron ƙasa.

Bayanan bango da Turanci suke, kuma suna da yawa, saboda haka ya kamata mai ziyara ya ware aƙalla awa 3. Ina ba ɗaliban harkar tsaro da 'yan jarida shawarar su fara da ɓangaren kare sirrin ƙasa tun ƙarfinsu bai ƙare ba.