YouVersion da alkawarin sabuwar shekara

Ga mai bi da ya ƙudura neman adalci a sabuwar shekara bisa Matiyu 6:33, manhajar YouVersion tana da amfani. Kyauta ce, akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa, ana kuma sauke shi a karanta ba intanet. Surori 1,189 ne, tsarin karatu na shekara guda yana raba su uku zuwa huɗu kullum, kusan minti 15.

A Littafin Firistoci ake yawan karaya, wajen Fabrairu, shi ya sa gara tsarin da ke haɗa Tsohon Alkawari da Sabo kowace rana. Inda manhajar ta gaza: ƙidayar kwanaki a jere buɗe manhaja take lissafawa, ba karatu ba, balle yafe wa maƙwabci. Sanarwarta ma ta yi yawa, a rage ta.