Kyamarar bakin get ta ki yin risetin, ga yadda mai gyara na Sabon Gari ya yi da ita

Masu kyamarar tsaro irin ta waifai din nan mai juya kai da ake makalawa a bakin get ko a kan katanga, in taku ta taba kafewa ta ki yin risetin kada ku yi saurin jefar da ita, akwai wani mai gyara a layin masu kayan wuta na kasuwar Sabon Garin Zariya da gsky ya san abinda yake yi, duk da akwai inda zan dan caccake shi a kasa dan ba komai nashi ne ya min ba.

Tawa dai a Hanwa take, abinda ya jawo maganar shine mun canza rawuta, tsohuwar mifi dinmu ta mutu aka sayo sabuwa, to ita kyamara tunda tsohon waifai ta sani dole a goge mata shi a hada ta da sabo. A ka'ida dan maballin risetin zaka danne kamar sakan 10 zuwa 15, sai ta yi kara ko ta yi magana da turanci sannan ta juya kanta ta koma kamar ranar da aka bare ta a kwali. Ni kam an danna an danna shiru, jar wuta kawai a tsaye, wani lokacin ta fara juyawa ta kai rabi sai ta tsaya cak ta dauke ta kuma farowa. Wanda ya sayar min ko kallonta bai yi ba, a waya ma ya yanke hukunci wai bod ne ya kone sai dai sabuwa, yana da su a kasa.

Abin farko da ya burge ni da mai gyaran nan, na mika masa kyamara bai ko taba maballin ba, cewa ya yi "Malam ina adaftarta? Ba na duba kyamara ba tare da abinda take cin wuta da shi ba." Allah ya taimaka na hado da ita a leda. A jikinta an rubuta 12V 2A, ya dora mita ta nuna 12 lafiya lau, har na ce to ka gani Oga ba daga nan bane, ya ce in dakata. Yana jona kyamarar ta fara juya kai sai ga lamba tana zubewa kasa, kyamara ta dauke. Bayanin da ya min shine duk sanda aka kunna irin wannan kyamarar sai ta gwada dan injin da ke juya kanta hagu da dama sama da kasa, a lokacin ne ta fi jan wuta, in adafta ta gaji ba zata iya dauka ba sai kyamarar ta mutu ta sake tashi, haka zata yi ta zagaye, shi kuma maballin risetin ba makunni bane da yake yanke wuta, sai manhajar da ke cikin kyamarar ta gama tashi tukuna take jin an danna shi. Wato dai an bar jaki ana dukan taiki. Ya fasa adaftar ya nuna min kafasita daya ya kumbura, ya ce aikin wutarmu ne, a kawo a dauke, a kawo da karfi, a juya zuwa janareta, irin wadannan kananan adaftocin basa jurewa. Ya kara tambayata wace irin waya aka ja daga soket zuwa get, na ce siririya ce dai doguwa, ya ce ita ma tana cin nata rabon, 12V in ya yi tafiya mai nisa a siririyar waya kafin ya isa ya ragu, gara a kai soket kusa da kyamarar a sa adaftar cikin akwatin roba.

Da sabuwar adafta ta tashi tsaf ta gama juyinta, amma risetin din still ya ki. Irin na waje din nan maballinsu ba a jikin kyamarar yake ba, yana kan wata yar jelar waya da ke reto tare da ta wuta da ta intanet, da dan murfin roba, to nawa murfin ya dade da ficewa ruwan damina ya shiga, da ya tsaga robar ciki duk ya yi kore. Ya yanke maballin ya hada wayoyin biyu da hannu ya rike yana kirge, can sai ga baturiyar ciki ta yi magana, wlh sai da na yi dariya dan na dade ban ji muryarta ba. Ya sa wani maballin ya nade da tef. Yaron shagonsa ke ce min akwai wadda aka kawo musu zanzaro ne ya yi gini a ramin risetin din ya toshe shi da laka, mai ita yana ta soka allura yana zaton yana danna wani abu.

Memori kad ma ya cire kafin ya fara komai, nawa lafiya yake, amma ya ce shi ne na biyu a abinda ke kafar da kyamara, dan dare da rana take rubutu a kansa, in aka dauke wuta tana tsakiyar rubutu sai fayil ya lalace, ga kuma na jabu da suka cika kasuwa a rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai ba. Wata kyamarar in ta zo karanta lalataccen kad sai ta makale a nan. Don haka kafin ka dauko taka zuwa kasuwa ka zare kad din ka kunna ta haka, ka ba ta kamar minti biyu ta gama tashi sannan ka danna, mutane da yawa a nan matsalarsu ke karewa ba sai sun biya kowa ba, shi da bakinsa ya fada.

Hada ta da sabuwar rawuta nan ma an dan sha fama. Yawancin wadannan kyamarorin waifai na 2.4GHz kawai suke gani, sabbin rawutoci kuma suna watsa 2.4 da 5GHz, wasu ma a karkashin suna daya, to in wayarka tana kan na 5 a lokacin hadawa sai kyamara ta yi ta kirge har ta ce ya fadi, kai kuma ka dauka risetin ne bai yi ba ka koma danne-danne. Ya shiga saitin rawutar ya raba su kowanne da sunansa, ya dora wayata a na 2.4, nan take ta kama.

Inda na fi ganin mutuncinsa shine wajen akawun. Ashe yaron da ya makala min kyamarar tun farko da imel dinsa ya yi mata rajista, ni sharin kawai ya min, ma'ana shi ne mai ita a wajen kamfani kuma duk sanda ya ga dama zai iya bude wayarsa ya ga kofar gidana da wani yanki na tsakar gida inda iyali ke shanya. Ban ce ya taba kallo ba, amma ai bai kamata ma ya iya ba. Kuma risetin baya cire wannan, waifai da saiti yake gogewa, daurin akawun yana can a saba din kamfani, wato babbar kwamfutarsu ta intanet, sai mai akawun din ya goge ta da kansa. Mai gyaran ya sa na kira yaron ya cire ta muna tsaye, sannan ya miko min wayata ya ce "Malam bude da naka imel din, fasuwod kuma kai zaka sa, ni bana son sani," ya juya ya ci gaba da wani aikin. Masu gyara nawa ne zasu yi haka?

Ina nan zaune wani ya zo da kyamara yar Beljiyam ita ma daure da akawun wani can a turai, yana ta magiya a yi mata filashin. Ya ce masa Alhaji gaskiya kudinka zan ci a banza, an yi daurin ne saboda barayi, in tsohon mai ita bai sake ta ba sai dai ka mayar wa wanda ya sayar maka. Ya ce manyan irin su Hikvision in fasuwod ne aka manta akwai hanya, ana fitar da wani fayil da manhajarsu ta SADP a kwamfuta a tura wa dila ya dawo da na budewa, amma shi ko wannan baya fara wa mutum sai ya ga rasit ko wata shaida, dan ana kawo na sata.

To yanzu bangaren caccaka. Mutumin nan baya da lokaci ko kadan, in ya ce bayan azahar ka lissafa da la'asar, waya kuma sai ka kira ka gaji. Shagon dan tsukuku ne benci daya, ga janaretan makwabta a kunnenka. Naira 7,000 na biya har da adafta da maballi, ban ga tsada ba idan aka kwatanta da kudin sabuwa, amma babu rasit, garantin adaftar ma na baki ne wai in ta yi wani abu in dawo. Zuwa gida kuma kudinsa daban, yan Samaru da Shika da cikin birni ku yi ciniki tun a waya har da kudin mashin.

Sannan ya manta bai gyara agogo ba. Bayan risetin tawa ta koma lokacin Chaina, awa 7 gaba da namu, na duba bidiyon mai ruwa da ya shigo da hantsi na ga an rubuta biyar na yamma. A cikin manhajar ake gyarawa, wajen saitin lokaci ka zabi GMT+1, ku duba naku kafin ku bar shagon dan in wani abu ya faru Allah ya kiyaye aka bukaci bidiyon, lokacin da ke jikinsa shi za a fara tambaya.