Tai Chi ko Wing Chun: wanne ya fi dacewa da kai?

Masu sha'awar dabarun faɗa na ƙasar Sin sun sha tambayar wanne za su fara koya cikin biyun nan.

Tai Chi, salon da ake yi da motsin jiki a hankali, ya samo asali daga ƙauyen Chen a lardin Henan. Sauƙaƙƙen tsarinsa mai motsi 24, wanda aka fitar a 1956, mutum zai iya haddace shi cikin 'yan watanni, kuma fili kaɗai yake buƙata. Inda ake yawan kuskure shi ne gwiwa: idan ba ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka nufa ba, ko aka juya alhali nauyin jiki na kanta, ciwo zai biyo baya.

Wing Chun na kudancin Sin ne, malaminsa Ip Man ya yaɗa shi a Hong Kong. Faɗa ne na gab da gab, naushi gajere a miƙe, gwiwar hannu na tsare tsakiyar ƙirji. Ya fi cin kuɗi, domin sai da malami da abokin atisaye, daga baya kuma mutum-mutumin katako na atisaye mai hannu 3 da ƙafa 1. Sabon shiga yakan ɗaga kafaɗa ya sandare, naushinsa ya rasa nauyi.

A nan ne suke cike giɓin juna. Tai Chi na sassauta kafaɗa, ya koyar da tura ƙarfi daga ƙafa ta ƙugu zuwa hannu. Wing Chun kuma na ƙara saurin martani.

Dattijo, ko mai neman daidaituwar jiki da natsuwa, Tai Chi ya fi masa. Mai son kare kai a wuri matsattse, in yana da abokin atisaye, ya kama Wing Chun.