Tantance haruffa a C: switch za ka ɗauka ko if-else?

Ɗalibin kwamfuta a Samaru ko a Nuhu Bamalli da wuya ya gama koyon C bai haɗu da wannan aikin ba: a shigar da harafi ɗaya, manhaja ta faɗi wasali ne, baƙi ne, lamba ce ko alama. Hanyoyi uku ne a gabanka, wato switch, if-else da ctype.h, ni dai switch zan ce ka riƙe.

Wasula biyar ne, da manyansu goma ke nan. Ka jera case 'a': case 'e': case 'i': case 'o': case 'u': da manyan, printf ɗaya a ƙasa, ka rufe da break. Gangarowar nan da switch ke yi daga case zuwa case idan babu break, wadda ake ta kuka da ita, ita ce ke yi maka aikin. Lambobi ma haka, '0' zuwa '9', wato 48 zuwa 57 a ASCII. Sauran, baƙaƙe da alamomi, default ya kwashe, a can sai ka raba su. Malami kallo ɗaya zai yi ya gane. Sannan idan ka maimaita case ɗaya sau biyu, kompaila, mai juya kod ya zama manhaja, ƙin karɓa zai yi, alhali if-else shiru zai yi ya bar ka da kuskurenka.

If-else ya iya zango, irin c >= 'a' && c <= 'z', amma wasula goma da || sai layin ya zarce allo. Su isalpha da isdigit na ctype.h kuwa ba su san wasali ba.

Inda ake cutar mutane shi ne kod ɗin da ake sayarwa a filas, wai an riga an gwada. Kafin ka ba da ko sisi, sa a buɗe a gabanka. Buga 'a'. Idan ya ce wasali, ya kuma ce lamba, an manta break. Ka haɗa shi da gcc -Wextra, zai nuna maka wurin. Duba ko an rubuta case 'a' ... 'z': domin wannan ƙari ne na GCC, a Code::Blocks zai tafi, a Visual Studio ya tsaya cik. Duba inda aka zuba abin da getchar ya dawo da shi. Dole int ne, ba char ba, in ba haka ba EOF, alamar ƙarshen shigarwa, zai rikice. Idan kuma bayan kowane harafi manhaja na ƙara cewa "alama", Enter ɗin da ka danna ne, lamba 10, ya maƙale. Sarari kafin %c a scanf ke maganinsa.

Babban gwaji kuma ƙ ne. A UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99, haka ɗ da ɓ da ƴ duk bibbiyu. Char na C bayit ɗaya yake ɗauka, don haka case 'ƙ': ba zai taɓa kamawa ba, harafin zai faɗa cikin default har sau biyu. Duk mai ce maka nasa na gane haruffan Hausa da char kawai, romon baka ne. Idan malami ya buƙaci masu lanƙwasa, Java ta fi sauƙi, char ɗinta bit 16 ne, case 'ƙ' na aiki.

Kuma kada ka biya kowa kuɗin "lasisin" Code::Blocks ko GCC, kyauta suke. Iyakarka kuɗin data.